Daga Magarya Zuwa Bakin Teku: Yadda Zango Ya Kai Bahaushe Gaɓa

A Turai da Amurka, idan aka rufe makarantu don dogon hutu, iyalai da yawa sukan loda kayansu a wata irin mota mai ɗaki a cikinta, da gado da murhu da tankin ruwa, su kama hanya har bakin teku. A can akwai filaye da aka keɓe musu, inda matafiyi zai biya kuɗin kwana, a nuna masa gurbin da zai tsaya, ya ja ruwa da lantarki, ya kwana yana jin rugugin igiyar ruwa. Al'adar tana da tarihinta. A 1885 wani tsohon likitan sojan ruwa, William Gordon Stables, ya zaga Birtaniya a cikin ɗaki mai ƙafafu wanda dawakai ke ja, don nishaɗi kawai. A 1907 masu irin wannan sha'awa suka kafa ƙungiyarsu a Ingila. Abin bai kai ga talaka ba sai da Faransa ta ba ma'aikata hutun mako biyu da albashi a 1936, Birtaniya ta yi tata dokar a 1938, sannan bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka shiga gyara ƙananan motocin Volkswagen ana mayar da su ɗakin kwana.

Mutanen Ingila suna kiran ɗakin da mota ke ja da suna "karaban". Kalmar daga Farisanci ta fito, kuma ma'anarta ta asali ita ce ayari. Ashe ke nan abin da Bature ya mayar hutu, Bahaushe ya daɗe da saninsa a matsayin sana'a: mutum ya ɗauki gidansa a bayan dabba, ya kwana yau a nan gobe a can, har ya isa inda ƙasa ta ƙare. Tarihin wannan tafiya daga kwarin Rima zuwa gaɓar teku yana nuna cewa abin hawa ƙaramin ɓangare ne na lamarin. Abin da ke kai matafiyi nesa shi ne samun wurin sauka wanda wani ya ɗauki nauyin amincinsa. Hausawa suna kiran wurin zango.

Sarkin da ya nemi tashar jirgin ruwa

Magarya ƙaramin gari ne a yau kusa da Wurno, amma a shekarun 1820 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mayar da shi ribaɗi, wato gari mai tsaro a bakin iyaka, inda yakan zauna ya tara runduna don kare Sakkwato daga harin Gobirawa da Azbinawa. Daga baya ya gina Wurno ya koma can, kuma a can ya rasu a 1837.

A watan Maris na 1824 wani hafsan sojan ruwan Birtaniya, Hugh Clapperton, ya iso Sakkwato bayan ya ratso Sahara daga Tarabulus ta Barno. Bello ya karɓe shi, suka tattauna kan ciniki, har Sarkin Musulmi ya ba shi wasiƙa zuwa ga Sarkin Ingila George na Huɗu. A ciki ya yarda a aiko da wakili da likita, a buɗe ciniki ta hanyar teku, shi kuma zai hana fatake kai bayi kasuwannin kudu. Wurin da aka ambata don haɗuwa shi ne wani gari mai suna Raka, wanda aka ɗauka yana kusa da teku.

Da Clapperton ya dawo ta jirgin ruwa a ƙarshen 1825, ya yi ta cigiyar tashar Raka a gaɓa, bai sami wanda ya san ta ba. Raka can cikin ƙasa take, kusa da kogin Kwara, a yankin da Nufawa da Yarabawa suka yi iyaka, kuma tsakaninta da teku tafiya ce ta makonni. Malaman Sakkwato sun san hanyar Makka da ta Tarabulus zango bayan zango, amma labarin kudu daga bakin fatake suke samunsa, su kuwa fatake saninsu yana tsayawa ne inda zangonsu ya tsaya.

Clapperton ya tashi daga Badagiri ranar 7 ga Disamba, 1825. Kafin watan ya ƙare abokan tafiyarsa biyu sun mutu. Ya bi ta tsohuwar Oyo, da Kayama, da Busa, da ƙasar Nufe, da Zariya, ya shiga Kano a watan Yuli na 1826. Sai a watan Oktoba ya riski Bello a sansanin yaƙi a ƙasar Gobir, daga nan suka sauko Magarya. Wata goma ke nan daga bakin teku. Ya tarar ana zaman doya da manja tsakanin Sakkwato da Barno, don haka aka karɓe wasiƙa da kyaututtukan da yake ɗauke da su zuwa ga Shehun Barno, maganar ciniki kuma ta mutu. Ya rasu a Sakkwato ranar 13 ga Afrilu, 1827. Baransa Richard Lander ya tattara takardunsa ya koma, ya isa Badagiri a watan Nuwamba na wannan shekara.

Abin da ya sa waɗannan baƙi suka iya ratsa ƙasar shi ne tsarin da suka tarar a hanya: kowane sarki ya saukar da baƙo, ya karɓi kyautarsa, ya ba shi masu dako da ɗan rakiya zuwa ga sarki na gaba. A Kayama ne Clapperton ya haɗu da ainihin masu wannan hanya, ayarin Hausawa da ke komawa gida daga Gwanja, mutum fiye da 1,000 maza da mata, da dabbobin kaya kamar yawansu.

Ayari, gari mai tafiya

A ƙarni na 19 babban abin da ke jan Bahaushe zuwa kudu maso yamma shi ne goro. Goron da aka fi so yana fitowa ne daga dazuzzukan Ashanti, ana sayar da shi a kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja, a arewacin Ghana ta yau. Manyan masu wannan fatauci su ne Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda wasunsu ke zaune a Gummi. Daga ɓangaren Sakkwato ayari yakan taru a Jega, ya ƙetare Kwara a wajen Illo ko Gaya, ya ratsa Bargu zuwa Jugu, ya bi ta Sansanin Mango da Yendi ya faɗa Salaga. Sunan Sansanin Mango kansa, a arewacin Togo, yana ɗauke da kalmar da kowane Bahaushe ya sani.

Abin da ake kaiwa ya haɗa da kanwa, da tufafin rini, da jar fatar akuyar Sakkwato, da gabu, wato busasshen ganyen albasa irin wadda fadamun Rima suka shahara da ita, da dawakai da shanu. Haka nan akwai bayi, wasu suna ɗauke da kaya, wasu kuma su ne kayan. Tarihin ayari bai cika ba idan aka ɓoye wannan.

Ayari yana da sarautunsa kamar gari. Madugu ne shugaba, shi ke yanke ranar tashi da hanyar da za a bi, shi ke sasanta rigima. Jagaba yana gaba, yana duba hanya da wurin sauka. Uban dawaki yana tattara kuɗin da za a biya sarakunan hanya, malamin ayari kuma yana riƙe da lissafi da wasiƙu, yana jan salla, yana addu'ar tashi. Akan tashi da kaka bayan koguna sun janye. Da asuba ake ɗaura kaya, a yi ta tafiya har rana ta take, sannan a sauka a bayan ganuwar wani gari ko kusa da ruwa. Nan da nan a yanki ciyawa a kafa bukkoki, a sauke jakuna da takarkarai a kai su kiwo, mata su hura wuta, mutanen gari su fito da hatsi da nono su sayar. Idan wurin yana da hatsari a kewaye zangon da ƙaya, a sa masu gadi.

A hanyar dawowa aikin zango yana ƙaruwa, domin goro ba ya son bushewa. Sai an riƙa kwance huhu ana yayyafa ruwa, ana sake ganye, ana tsince wanda sankara ta kama kafin ya ɓata sauran. Zuwa da dawowa yakan ci wata shida, wani lokaci har shekara.

Duk wannan yana tsaye ne a kan yarjejeniya. Madugu yana biyan garama ga sarkin da ake ratsa ƙasarsa, yana biyan fito a mashigin kogi, shi kuma sarki yana lamunce musu kwana lafiya. Inda babu mai lamuncewa, tafiya takan koma gudun ceton rai. Dajin Gundumi da ke gabas da Wurno misali ne: ba gari, ba ruwa, ga mahara. A 1853 Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ratsa shi a tafiya ɗaya ta fiye da yini da kwana ba tare da sauka ba, kafin ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya zauna a Wurno. Ribaɗoɗin da Bello ya jera a bakin iyaka, irin su Magarya, aikinsu na yaƙi ne, amma amfaninsu ga matafiyi shi ne rage faɗin irin wannan daji.

A manyan kasuwanni bukkar ciyawa ta zama soro. Wasu fatake suka zauna, suka zama masu masauki. Mai masauki yana ba baƙo ɗaki da wurin ajiya, yana haɗa shi da dillali da tafinta, yana tsaya masa idan zai ba da kaya bashi. Baƙon da bai san kowa a Salaga ba yana iya sayar da kayan jakuna ashirin saboda mutuncin mai gidansa. Da masu masauki suka yi yawa sai a naɗa Sarkin Zango, a gina masallaci, a buɗe makarantar allo.

Yadda zango ya gangara zuwa gaɓa

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 19, Ashanti ba ta barin fataken arewa su wuce Salaga su shiga dajin goro, balle su kai teku. Abin ya sauya a 1874, lokacin da sojojin Birtaniya suka ƙone Kumasi. Gwanja ta ɓalle, goro ya ragu a Salaga, ciniki ya koma Kintampo da wasu garuruwa. A 1892 yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga, mazauna zangonta suka watsu. Cikinsu akwai Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, wanda ya zauna a Kete Karachi har rasuwarsa a 1934. Wasu kuma suka ci gaba da gangarawa har Akra, wadda fatake ke kira Ankara.

A can sun tarar da wasu Hausawan da suka riga su ta wata hanya. A 1863 John Glover ya kafa ƙaramar rundunar Hausawa a Legas, da yawansu bayi ne da suka gudu daga iyayengijinsu, kuma daga wannan runduna sojan Nijeriya ke lissafa asalinsa. An kai Hausawa irin waɗannan yaƙin Ashanti, bayan sallama wasu suka zauna a garuruwan gaɓa. A Akra, Malam Naino ya sami fili daga sarakunan Ga ya kafa zango a kusa da 1881, ɗansa Malam Baƙo kuma ya kafa Sabon Zango a farkon shekarun 1910. Lome da Kwatano su ma suka sami nasu. Kalmar ta shiga harsunan gaɓa, suna furta ta "zongo", ma'anarta unguwar baƙi Musulmi.

Da zango ya isa teku sai fasalin tafiyar ya juya. Goro ya koma hawa jirgin ruwa daga Akra zuwa Legas cikin kwanaki kaɗan. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 cikin zuriyar Agalawa, yana cikin waɗanda suka fara cin ribar wannan hanya. Layin dogo ya isa Kano a 1911, reshensa ya kai Ƙauran Namoda a 1929, wadda ta zama tashar mutanen Sakkwato. Manoman Yarabawa a Agege da Shagamu suka dasa irin goron nan, har yau kuma suna kiransa "gbanja", wato Gwanja. A 1916 aka keɓe wa Hausawan Ibadan unguwar Sabo. Ayarin jakuna ya mutu, amma mai masauki da dillali da Sarkin Hausawa suka ci gaba da aikinsu a bakin tashar jirgin ƙasa.

Baƙo raɓa

Zango yana da rauni guda wanda ya taho da shi tun daga bukkar ciyawa. Filin na mai gari ne, an ba da shi aro bisa fahimtar cewa baƙo zai wuce. Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Matsalar ita ce jikokin fatake ba su wuce ba, kuma ba su san wani gida ba sai wannan.

A ranar 18 ga Nuwamba, 1969, gwamnatin Kofi Busia ta Ghana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Dubban ɗaruruwa suka fita, cikinsu har da mutanen zango da aka haifa a can, waɗanda suka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance. A 1977 hukumomin Togo suka rushe zangon Lome da ke tsakiyar birni, aka kwashe mutanensa zuwa wani fili kimanin kilomita 15 a arewa, manyan gine-ginen bankuna suka tashi a yankin. Nijeriya ma ta yi nata a Janairun 1983, lokacin da gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu, akasarinsu 'yan Ghana. Sai a 2017 Ghana ta kafa ma'aikata da asusu na musamman don raya unguwannin zango.

A daidai waɗannan shekaru wani sabon ayari ya bayyana a kan tsohuwar turba. A shekarun 1970 da 1980 matasan Turai sun riƙa ratso Sahara a motocin kwana da tsofaffin Peugeot, daga Tamanrasat zuwa Arlit da Agadas, su bi ta Tawa da Birnin Ƙwanni da Dosso, su haye gadar Gaya kusa da inda fatake ke biyan fito, su gangara Kwatano da Lome. A can sukan kafa tanti a ƙarƙashin itatuwan kwakwa a bakin rairayi, da yawansu su sayar da motar su koma gida a jirgin sama. Bature mai fasfo yana kwana a gaɓar Lome hankali kwance, alhali jikan madugu yana kallon ana rushe gidan kakansa a tsakiyar birnin. Wannan ayari shi ma ya katse a farkon shekarun 1990, da yaƙin basasar Aljeriya da tawayen Azbinawa a Nijar. Motocin ba su lalace ba, wuraren kwana ne suka daina zama amintattu.

Hanyar yau

Mutanen Wurno da Rabah da Goronyo suna zuwa bakin teku a yau fiye da kowane zamani. Madatsar ruwan Goronyo, wadda aka kammala a 1984, ta faɗaɗa noman rani, kuma albasa da tafarnuwar yankin suna hawa manyan motoci zuwa kasuwar Mile 12 a Legas. Hanyar tana bi ta Jega da Yawuri da Kontagora da Mokwa, ta haye Kwara a Jebba, ta ratsa Ilori da Ibadan. Direba da yaron motarsa suna ɗauke da tabarma da buta, suna kwana a ƙarƙashin tirela a wurare irin su Mokwa da Ogere, inda mai shayi da mai abinci da bakanike suka maye gurbin matan ayari. Tafiyar da ta ci wa Clapperton wata goma ta koma ta 'yan kwanaki. A Legas kuma mai kaya yana sauka ne a hannun dillalinsa, kamar yadda kakansa ya sauka a Salaga.

Raunin ma bai sauya ba. A Fabrairun 2021 rikici a kasuwar Shasha ta Ibadan ya ci rayuka da rumfuna, har ƙungiyar dillalan kayan abinci da shanu ta tsayar da kai kaya kudu na 'yan kwanaki. Tumatir da albasa suka yi tsada a Legas, suka yi kwantai a arewa, kowane ɓangare ya ga abin da yake samu daga ɗan'uwansa. A Oktoban wannan shekara 'yan bindiga suka faɗa kasuwar Goronyo suka kashe mutum fiye da 40. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka rufe gadar Gaya. Dazuzzukan gabashin Sakkwato, waɗanda Bello ya jera ribaɗoɗi don ya tsare bakinsu, sun koma yadda Barth ya same su, wurin da matafiyi ke fatan ya ratsa ba tare da ya tsaya ba.

A Oktoban 2024 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da aikin babbar hanya mai tsawon kilomita 1,068 daga Illela, ta Sakkwato, zuwa Badagiri, garin da Clapperton ya fara tafiyarsa. Idan an gama ta, buƙatar da Bello ya rubuta a 1824 ta samun mafita zuwa teku za ta biya bayan shekara 200. Iyalin da ke Wurno za su iya tashi da asuba su yi sallar isha'i suna jin iskar teku, ko don ciniki ko don hutu irin na masu motocin kwana.

Sai dai kwalta ita kaɗai ba ta taɓa kai kowa gaɓa ba. Madugu yakan tambayi abu uku kafin ya ɗaura kaya: ina za a kwana, wa ke da alhakin wurin, kuma wa za a kai wa ƙara idan an ɓata alkawari. Masu tsara sabuwar hanya suna da amsar da za su bayar: wuraren sauka masu ruwa da haske da tsaro a kowane 'yan kilomita, haraji ɗaya sananne a maimakon shingaye barkatai, da takardun mallaka ga unguwannin Hausawa da suka shekara ɗari a garuruwan kudu. Ranar da direban albasa daga Goronyo zai iya kashe injinsa a kowane gari tsakanin Rima da Badagiri ya yi barci har asuba, ranar ce hanyar ta kammala.